Yadda Kafinta Ya Kwantar da Askarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya ce in taƙaita alhali ya san halin bakina. Shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon tsofaffin finafinai tare da 'yan kwamitinsa. Iyayenmu dattawan unguwa da ke jere a bencin gaba. Likitarmu da ta baro aiki ta zo. Malaman makaranta da ɗalibansu. 'Yan'uwana teloli, direbobi, masu aski, masu wanki da guga. Maza da mata, manya da yara, har da waɗanda suka shigo don sun ji an ce akwai fanka a zauren nan: assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da ganin wannan rana.

Godiya ta farko ta Allah ce, wanda Ya tara mu lafiya. Bayan haka ina gode wa kwamiti da suka ba ni buɗe wannan mako na kallon finafinai marasa magana. Ina gode wa mai majigi, wanda yake ɗauko na'urarsa duk Asabar ko ana ruwa ko ana rana. Ina gode wa matan da suka share zauren nan suka jera benci. Ina gode wa Yaya Babba, wan maigidana. Aku kuwa, mai askin bakin kasuwa, godiyarsa tana gaba, kuma akwai sauran magana a cikinta, don haka ya gyara zama.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni tela ce. Baƙaƙen labulayen nan da suka toshe tagogi ni na ɗinka su, saboda haka duk wanda ya ga haske na shigowa ta wata kafa, ya same ni bayan taro, kada ya faɗa a nan. Ni ce kuma matar Kafinta, ga shi can a bakin benci na biyu da sanda tsakanin ƙafafunsa. Ya ba ni izinin in faɗi abin da zan faɗa. Yadda ya ba ni izinin, za ku gane kafin in sauka.

Magana ta farko ita ce tambayar da ake yi mana kullum: me kuke gani a cikin waɗannan finafinai? Ba launi, ba murya, hoton yana ta ɗigo-ɗigo, mutanen ciki duk sun daɗe da komawa ga Mahaliccinsu, kuma a zamanin da kowa ke yawo da majigi a aljihunsa. Amsata ita ce, da tsohuwar zuma ake magani. Finafinan da muke zaɓa a zauren nan babu sarki a cikinsu, babu jarumin da ke dukan mutum goma, babu motar da ke tashi sama. Akwai mace da ke matse wanki har jijiyar hannunta ta fito. Akwai mai share titi da ya tsaya ya miƙe bayansa. Akwai uwa da ke raba abinci a faranti, ta tura nata gaban yaro tana yin kamar ta ƙoshi. Wa a cikinmu bai san wannan uwar ba? Wa bai ci daga farantinta ba?

Ni idona a kan tufafi yake, sana'a ba ta ɓuya. Ranar farko da na shigo nan, na ga wani mutum a allo zai je neman aiki, ya sa kwat, ya taje kai, yana tafiya da ƙarfinsa. Ni kuwa wuyan rigarsa nake kallo, domin an farke shi an juya an sake ɗinkawa don a ɓoye inda ya goge. Na ce a raina, wayyo, akwai mace a gidan nan da ta zauna ta yi wannan aikin don kada mijinta ya ji kunya. Ba a nuna ta ba, ba a faɗi sunanta ba, amma na san ta, don ni ma na juya wuyan riga ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tun ranar ban sake fashin Asabar ba.

Magana ta biyu al'adarmu ce ta zauren nan, wadda baƙi ba su sani ba. Finafinan nan sukan tsaya jefi-jefi su nuna rubutu, kuma rubutun da harsunan wasu ƙasashe ne da babu mai karantawa a cikinmu. Tun farkon ƙungiya sai aka ce a sami mai bayani. Wa za a samu in ba Aku ba, mutumin da in ya ɗora maka aska sai ka ji labarin unguwa uku kafin ya gama gefe ɗaya? Shi ma fa bai iya karanta rubutun ba, kada ku ɗauka ya iya. Tsayawa yake a gefen allo ya ba kowa baki. Tsohuwa ta buɗe baki, Aku ya yi muryar tsohuwa. Yaro ya yi kuka, Aku ya yi kuka. Kare ya wuce, shi ma sai an ba shi abin faɗa. Yabon gwani ya zama dole: Aku ya sa mu dariya har ciki ya ƙulle, ya sa mu kuka har muka jiƙa mayafi, kuma ba don bakinsa ba da rabin bencin nan babu kowa. Sai dai a hankali muka saba, kunne ya karɓe aikin ido. Mukan zauna fuska na kallon allo, amma Aku muke saurare.

To, magana ta uku ita ce ta gidana, kuma ita ta tsayar da ni a nan.

Maigidana bai taɓa shigowa zauren nan ba sai bara. Asabar ranar aiki ce a wurinsa, kuma in na ɗauki mayafi sai ya ce, "Za a je kallon bebaye ke nan? A gaishe su, ko da yake ba za su amsa ba." Mutum ne mai barkwanci, waɗanda suka san shi sun sani. Bara hawan jini ya buge shi a tsaye a shago. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, amma kalmar ta ƙi fitowa, rubutu ma ya gagara. Likita ta yi iya ƙoƙarinta, Allah Ya saka mata, har ya fara takawa da sanda. Ta ce mana ƙafa ta kama hanya, saura hannu, kuma hannu yana son aiki, in aka bar shi a kwance sandarewa zai yi. Ta ce kuma mu riƙa ba shi lokaci ya nuna abin da yake so.

Lokaci? A gidanmu? Jama'a, gidanmu ya cika da masu ƙauna, kuma kowane mai ƙauna da bakinsa ya zo. Ya ɗaga hannu, ƙanwarsa ta ce ruwa yake so. Ya juya kai, 'yarmu ta ce a'a, fanka ce ta dame shi. Ya buɗe baki yana kokawa da kalma ɗaya, kafin ya kamo wutsiyarta mun ƙarasa masa jimla uku, mun kuma amsa masa. Duk mun zama Aku, mun sa mutum a tsakiya muna ba shi baki. Da tafiya ta yi tafiya sai ya daina ɗaga hannun. Ya juya fuska bango. Motsa hannun da likita ta ce a yi, ya ƙi. Abinci sai an yi da gaske. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don ina ganin mijina yana narkewa a gabana, kuma ban san ƙofar da zan bi in same shi ba.

Ana cikin haka mai ginin da shagonsa yake ya aiko cewa akwai mai son wurin, in ba za a buɗe ba a kawo mabuɗi ƙarshen wata. Yaya Babba ya tara mu. Kuma ina so kowa ya ji, don Allah ya yi, babu mugunta ko ƙwayar zarra. Ya ce mutumin nan ya yi wa katako bauta tun yana saurayi, yanzu ya huta. A kwashe kayan aiki a raba wa yaran da ya koyar, a miƙa mabuɗi. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado ya ce, "Ƙanena, ka yarda ko? Ai na san ka yarda, hutu ya zo." Hawaye ya zubo wa maigidana. Muka ce, Allahu akbar, kukan godiya ne. Aka je aka tattara zarto da guduma da komai aka zuba a buhuna, Yaya Babba ya sa mabuɗi a aljihu, saura a miƙa ranar Litinin.

Ranar Asabar ɗin da ta rage, na ce wallahi ba zan bar shi yana kallon bango ba, gara ya kalli allo. Na roƙi Yaya Babba ya kawo mu a mota. Muka zaunar da shi a wancan bencin da yake zaune yanzu, aka ja labule, mai majigi ya kunna.

Ashe fim ɗin ranar shi ne wanda muke ce wa na kafinta mai gashin baki. Da na sani da ban kawo shi ba, na ce yau na ƙara wa ciwo gishiri. Ga waɗanda ba su gan shi ba: wani kafinta ne a wata ƙasa mai sanyi, aiki ya yi masa ƙaranci, ɗansa yana ta jan hannunsa su bar garin. Kwafin da muke da shi ƙarshensa ya lalace, yana yankewa daidai inda mutumin ya tsaya shi kaɗai a shago da yamma, ya ajiye abin aikinsa a kan tebur, ya fita ya ja ƙofa. Mun kalle shi sau da yawa, kuma kullum Aku ne ke ƙarasa mana. Abin aikin kuwa shi ne wanda ake turawa a kan katako yana fitar da ɓawo mai naɗewa; mu a gida askar katako muke ce masa.

Da aka zo wurin, Aku ya dafe ƙirji, ya karya murya, ya ce, "Na gaji! Na bar ki, ya ke sana'ar ubana! Daga yau ni da ke har abada!" Mata suka fara jan hanci kamar yadda aka saba.

Sai muka ji ƙwas! ƙwas! ƙwas! Maigidana ne ke dukan ƙasa da sanda. Na ce, "Malam, lafiya? Mu fita ne?" Yaya Babba ya ce, "Abin ya taɓa shi, a fitar da shi." Maigidana ya fizge hannunsa daga riƙona, da wani ƙarfi da rabon da in gan shi tun kafin ciwo. Ya sunkuya ya cire takalminsa da hannun hagu. Aku ya ga takalmi ya yi sama, sai ya ɓuya bayan mai majigi yana cewa, "Ranka ya daɗe, in muryar ce ba ta yi ba, sai a canza!" Aka kunna fitila.

Bai jefi kowa ba. Takalmin ya ɗora a kan benci, tafinsa a ƙasa, ya kalle mu, ya girgiza kai. Sannan ya kwantar da shi ta gefe, a hankali, ya gyaɗa kai, ya nuna allo da sanda. Bakina ya buɗe zan ce wani abu, sai Allah Ya taimake ni na rufe shi. Ya sake yi: a tsaye, a'a, ta gefe, e.

Jama'a, sai na tuna. Shekara nawa ina kai masa abinci shago ina jin yana yi wa yaransa faɗa a kan wannan abu? Askar katako bakinta a ƙasa yake. In ka dire ta a kan cikinta, bakin ya daki tebur ya dakushe. Don haka duk yamma, kafin ya rufe shago, sai ya goge ta ya kwantar da ita ta gefe, don gobe da safe ya same ta da kaifinta. Yakan ce wanda ya jefar da ita a kan baki, ba shi da niyyar dawowa.

Na ce da mai majigi, "Don Allah mayar mana baya kaɗan." Na juya na ce, "Aku, don girman Allah, wannan karon ka yi mana shiru." Aka kashe fitila. Karon farko tun da aka kafa ƙungiyar nan muka kalli allo babu mai magana, sai ƙarar na'ura da fanka. Muka ga mutumin ya ɗauki askar. Muka ga ya shafa bakinta da babban yatsa. Muka ga ya goge ta da gefen rigarsa, ya kwantar da ita ta gefe, ya ɗan gyara mata zama, sannan ya ja ƙofa. Sau nawa muka kalli wurin nan? Ba wanda ya taɓa gani.

Daga cikin duhu sai muka ji Aku, da muryarsa ta gaskiya, ba ta aro ba, ya ce, "La ilaha illallahu. Gobe zai dawo. Shekara da shekaru ina korar bawan Allah daga shagonsa." Wani daga baya ya ce, "Kai da kake cin abinci da aska ma ba ka gane ba?" Aku ya ce, "Ina zan gane, bakina ya tare mini ido."

Aka yi dariya, aka kunna fitila. Amma maigidana bai gama ba. Ya jira har dariya ta lafa. Ya kalli wansa. Ya ɗora hannu a kan takalmin nan da ke kwance ta gefe, sannan ya ɗaga hannun ya dafa ƙirjinsa. Ya sake dafa takalmin, ya sake dafa ƙirji.

Wannan karon ba wanda ya fassara. Yaya Babba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ƙanena, da ka faɗi ran nan, a kwance ta gefe ka bar askarka?" Ya tsaya ya jira amsa, kuma wallahi jiran nan ya fi mini komai daɗi. Maigidana ya gyaɗa kai. Yaya Babba ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗi, ya buɗe tafin hannun dama, hannun da ya shanye, ya sa mabuɗin a ciki ya naɗe masa yatsu a kai. Ya ce, "Ka yafe mana. Mun yi ta magana ba mu tambaye ka ba." Ni dai kuka nake, kuma kukan sauƙi ne, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Ranar Litinin ba a miƙa mabuɗi ba, shago aka buɗe. Aka zazzage buhuna, shi yana zaune yana nuna inda kowane abu yake zama, kuma duk wanda ya rataye zarto a ƙusar da ba tata ba, sanda ta gaya masa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba a warke rana ɗaya ba. Watannin farko ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa ne ke tura askar, shi yana dafa hannunsa a kai. Hannun dama har yanzu bai dawo duka ba, riƙe katako yake yi, hagu na aiki. Magana kuwa kalma ɗaya ce, biyu ce, kuma ta farko da ta fito sarai ita ce "A'a," ni aka fara yi wa ita. Ban taɓa jin daɗin a ce mini a'a ba irin na ranar. Yana cin abinci, yana barci, yana yi mana faɗa da gira. Alhamdu lillahi, mijina ya dawo gida.

Saboda haka ga roƙona, kuma shi ne magana ta ƙarshe. Kwamiti ya amince cewa daga wannan mako kowane fim sau biyu za a nuna shi. Na farko shiru, kowa ya kalla da idonsa. Na biyu a sakar wa Aku linzami, don ba mu ce mun gaji da shi ba, kuma in aka hana shi gaba ɗaya, masu zuwa aski ne za su ɗanɗana. Aku, ga godiyarka: ka cika mana zaure shekara da shekaru, kuma ranar da aka ce ka yi shiru ka yi, ka kuma faɗi gaskiya a gaban jama'a. Ba kowane mai baki ke iya wannan ba.

Ku kuma da za ku kalla, ina roƙonku ku kalli hannu, ku kalli kafaɗa, ku kalli yadda mutum ke ajiye abu da yadda yake ɗauka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a tambaye ta, a kuma jira ta amsa. Masu wanki, ku gaya mana abin da kuka gani a wurin mai wankin allo. Direbobi, ku gaya mana na direba. Kowa akwai abin da shi kaɗai zai gani, domin mutanen cikin finafinan nan irinmu ne, aikinmu suke yi. In kun koma gida kuma, akwai tsoho a ɗaki da maganarsa ta yi nauyi, akwai marar lafiya, akwai mai kunya da ba ya iya tsoma baki in manya na magana. Ku tambaye shi, sannan ku yi abin da ya fi wuya, ku rufe baki ku jira.

Na ce zan gaya muku yadda ya ba ni izinin wannan jawabi. Da kwamiti suka aiko, na same shi a shago na ce, "Malam, an ce in yi magana, kuma labarinka zan bayar. In ba ka so, na fasa." Na tsaya na jira. Ya dai auna tsayina da ido, daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na yi ta jira har na gaji na tafi. Jiya da yamma sai ga yaransa sun sauke wannan teburin jawabi da nake dafe da shi a ƙofar zauren nan. Ku dube shi. Daidai tsayina ne. Ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta, na sa mata takarda a ƙasa, kuma duk wanda ya ce zai gyara ta, ni da shi ne. Ku zo bayan taro ku shafa samansa ku ji santsi. Da hannun hagu aka aske shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da kunnen saurare. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka bar mana waɗannan hotuna, da iyayenmu da suka yi irin wahalar da ke cikinsu ba wanda ya ɗauke su hoto. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya raya mana zuriya, Ya ba unguwarmu da ƙasarmu zaman lafiya. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa duk wanda ya ajiye kayan aikinsa yau da yamma ya wayi gari ya ɗauka.

Mai majigi, a ja labule. Aku, zauna.

Na gode.